Kare Ɗaya a Gidan Zorka

Duk layinmu a garin Pirot babu wanda bai san Obrad ya yi soja a kan iyaka ba, domin babu wanda ya tsira daga labarin. Ka ce masa ina kwana, sai ya ce ai a kan iyaka ba a kwana. Ka yi tari, sai ya tuno wani karen soja da ya warkar da hannunsa. A cewarsa rundunar karnuka guda ce a ƙarƙashinsa, in ya ɗaga gira duk sai su zauna. Mijina Slavko, wanda suka yi sojan tare, ya ce gaskiya ne karnuka na bin Obrad duk inda ya sa ƙafa, amma a kicin ya yi aikinsa, ƙanshin romo suke bi.

Shinge ɗaya ya raba mu da gidan Zorka, yayar Obrad. A nan ɗanta Nenad yake zaune da matarsa Tiyana da 'yarsu Lenka, yarinya mai kunya wadda ko gaisuwa sai ta ɓuya a bayan siket ɗin uwarta. Saboda ita iyayen suka yi ta roƙon Zorka a kawo kare gidan, har ta gaji ta ce, "Ɗaya. In na ga biyu, har da ku za a fita."

Tiyana da Nenad suka je gidan karnukan da ba su da masu su, can bayan tashar jirgin ƙasa, suka dawo da wata tsohuwar karya baƙa mai gashi duƙu-duƙu, sunanta Kudra. An ba su ita gwaji zuwa Asabar, in ba ta yi musu ba matar gidan karnukan ta zo ta ɗauke abarta. Kudra ta shigo, ta shinshina ƙofa, ta wuce ƙarƙashin benci ta kwanta. Kafin yamma Lenka ta bi ta can, tana yi mata hira kamar rediyo. Ni da ban taɓa jin muryar yarinyar sosai ba, sai da na ajiye shanyata na leƙa.

A nan Obrad ya same su.

"Wannan kuma mene ne? Tsumman goge ƙafa kuka sa wa igiya?"

"Kare ne, Kawu," in ji Nenad.

"Kare ne a da. Yaro, ana maganar kare a gidan 'yar'uwata, ina raye, ba a kira ni ba? Tsohon kare halin wani yake ɗauke da shi. Kwikwiyo ake samowa, ɗanye, a gina shi kamar yadda ake gina soja. Zan hau dutse in kawo muku jinin karnukan makiyaya. Zuwa Asabar in bai fi ɗalibin jami'a ladabi ba, ku aske mini gashin baki."

"Kawu, Lenka ta riga ta saba da wannan," in ji Tiyana.

"Yara da ƙuda ma sabawa suke yi."

Tiyana ta kalli mijinta. Nenad ya kalli takalminsa. Yaron kirki ne, amma ko kaza ta yi masa tsawa sai ya ba ta haƙuri. Zorka ce ta yanke magana daga bakin taga. Ta ce ranar Asabar duk layi zai taru dafa ayvar, miyar gasasshen tattasai da muke ɗurawa a kwalabe duk lokacin kaka, sai a gwada karnukan a gaban jama'a, wanda ya nuna amfani ya zauna, ɗayan ya kama gabansa. Ba don ta yarda da ƙaninta ba ne, so take ya rufe mata baki.

Washegari da rana motar Obrad ta dawo tana tari. Ya fito rungume da wani abu fari mai girman buhun fulawa, ƙafafunsa kamar na ɗan maraƙi.

"Ku gaisa da Janar," in ji shi. "Makiyayin ya tsaya zai koya mini yadda ake riƙe shi. Ni. Na ce masa ya adana bakinsa."

Ya dire shi a tsakar gida, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gira. Janar ya buɗe baki ya saki kuka. Aka ba shi madara ya ƙi, aka ba shi nama ya kau da kai. Obrad ya ce zauna, ya tashi. Ya ce tashi, ya kwanta.

"Kun gani? Yana gwada ni ne. Alamar basira ke nan."

Kukan bai tsaya ba sai da kwikwiyon ya kutsa falon Zorka, ya tarar da buzun da take shimfiɗawa gaban murhu. Ya haye, ya tusa hanci cikin gashin, ya yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Slavko da ke jingine da shinge ya ce, "Obrad, a cikin garke aka haifi wannan, ko? Ka san mutanen dutse cikin tumaki suke renon su, ba sa bari ma a shafa su. Shi a ganinsa tunkiya ce uwarsa. Kai kuwa bai san me kake ba."

"Na sani mana. Yana cikin tsarin."

"Wane tsarin?"

"Sirrin soja ne, Slavko. Kai da aka bari a gadin ƙofa ba za ka gane ba."

Zorka ta fizge buzunta, kuka ya dawo sabo. Kafin la'asar sai ga motar Obrad ta sake shigowa layi, tunkiya na zaune a kujerar baya tana kallon mutane ta taga kamar matar shugaban gunduma.

"Me wannan ke yi a gidana?" in ji Zorka.

"Kayan aiki ce, Yaya. Aro na yi. Kin ce kare ɗaya, ba ki ce komai a kan tumaki ba."

Janar ya ruga ya manne wa tunkiyar, ya yi shiru. Sai tunkiyar ta karɓi kukan. Kowa ya san tunkiya ba ta zama ita kaɗai, ban da mutumin da ya yi mulkin karnuka a kan iyaka. Ta yi ta ɓarka baki har Gospava mai ɗinki, da ke ƙarshen layi, ta aiko a tambaya ko yanka ake yi a ajiye mata hanta.

Obrad ya koma dutse ya ƙaro biyu. Da ya buɗe ƙofar mota sai ga rago ya biyo su, ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho da mugun kallo.

"Shi kuma fa?" na tambaya.

"Sun ƙi shiga mota sai da shi. Rada, ki daina tsoma baki a harkar maza."

"To, ka gaya wa namijin ya cire bakinsa daga kabejina."

Yanzu kam Janar ya samu abin da yake so. Ya ci, ya sha, ya kama aikin da aka haife shi dominsa, wato kada wani mai ƙafa biyu ya kusanci tumakinsa. Mai kawo wasiƙu ya leƙo, ya koma ba hula. Limamin coci ya zo duba Zorka, ya sa albarka daga tsallaken titi ya wuce. Nenad ya koma fita aiki ta tagar kicin. Shi kansa Obrad da ya shiga da usur a baki zai fara darasi, Janar ya kama ƙafar wandonsa ya raka shi har bakin ƙofa, ya dawo da rabin ƙafar wandon ya ajiye gaban rago.

"Da kyau," in ji Obrad yana haki. "Ko ni bai ɗaga wa ƙafa ba. Haka ake son soja."

"Haka ake son itacen girki ma," in ji Zorka. "Yana ɗakin itace, ɗakin itacen yana bayan sojanka. Je ka ɗebo."

A nan ne dabara ta zo masa. Ya ɗauko buzun yayarsa ya yafa, ya ɗaure da igiya a ƙugu, ya durƙusa ya shiga tsakar gida da rarrafe. Janar ya shinshine shi, ya kaɗa wutsiya, har da lasar kunne. Obrad ya ɗebo itace ya fito bakinsa har kunne. Tun daga nan ba ya shiga gidan sai a cikin buzu, yana cewa haka suke shiga ƙasar abokan gaba.

Ita kuwa Kudra, tun da tumakin suka iso ta canza. Takan miƙe ta ƙura musu ido, jikinta na rawa, tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Obrad ya ce tsoro ne, kuma tana ɓata masa horo, don haka aka ɗaure ta a ƙafar benci a baranda.

Ana gobe Asabar ina wanke kwalabe sai na ji ana jan siket ɗina. Lenka ce, ta biyo ta ɓular shinge.

"Inna Rada, kina da wuri a ƙarƙashin gadonki?"

"Me za ki ajiye?"

"Kudra. Ba ta cin abinci da yawa. Ba ta iya komai ba, shi ya sa za a mayar da ita. Na koya mata ba da hannu, ta ƙi."

Na ji haushin Obrad har cikin raina, na ji haushin Nenad, na ji na kaina ma da na yi kwanaki ina dariya. Na ce mata ƙarƙashin gadona cike yake da kwalabe, amma ta bari mu ga goben.

Asabar ta zo da hayaƙi. Aka jera murahu a bakin titi tun daga ƙofarmu har ta Gospava. Maza na gasa tattasai, mata na zaune a kan kujeru 'yan tsugunne suna ɓare bawo, hannuwa ja wur har gwiwa. Bahuna cike da ɓararren tattasai, injin niƙa na ta gurnani, ga babbar tukunyar Zorka a tsakiya tana tafasa, ita kuma tana tuƙi da muciya mai tsayin mutum. Wanda ya san Zorka ya san gara ka taɓa jikarta da ka taɓa tukunyar nan. Can gefe Bilyana, matar gidan karnukan, ta faka motarta ta buɗe bayan, tana jiran hukunci.

Sai ga Obrad. Hular soja a ka, usur a wuya, buzu a gadon baya.

"Jama'a, a ba da fili. Yau za ku ga abin da ba a nunawa farar hula. Zan fito da garke, in busa sau ɗaya su tsaya, in busa sau biyu Janar ya mayar da su. Nenad, buɗe ƙofa."

"Kawu, da an bar ƙofar nan a rufe," in ji Tiyana.

"Amarya, koma kan tattasanki."

"A rufe ko a buɗe?" Nenad ya tambaya, yana kallon su biyun.

"Ka ga irin mazan yanzu," in ji Obrad. Ya buɗe da kansa, ya durƙusa ya shiga da rarrafe.

Abin da ya manta shi ne, kwanakin nan duk ragon yana lura da wannan sabon ƙaton da ke yawo kusa da matansa. Obrad ya juya baya yana gyara usur. Ragon ya ja da baya, ya sunkuyar da kai.

Ba mu ga karon ba, ƙararsa muka ji, sai kuma usur ya yi wata doguwar ƙara da ba ta cikin tsari. Obrad ya fito ta ƙofa kamar an harbo shi, ya sauka da fuska cikin bahon Gospava. Tumaki suka biyo bayansa a firgice, rago na biye da su, Janar na biye da kowa yana haushi cike da murna.

Ɗaya ta afka wa teburin kwalabe. Ɗaya ta shige tsakanin ƙafafun Slavko ta tafi da shi, yana zaune a kanta yana kallon baya, har yanzu da tattasai a hannu. Mata suka haye kujeru, maza suka haye bayan mata. Gospava na dukan Obrad da matsami tana cewa ya fita daga cikin abincin 'ya'yanta. Ya ɗago, fuska ja, gashin baki na ɗiga.

"Kowa ya kwantar da hankali. Wannan kashi na farko ne."

Ya busa sau biyu. Janar ya ji, ya duba, ya ga Bilyana ta matso kusa da tunkiya, ya kore ta har cikin motarta ta ja ƙofa. Ragon kuma ya ji usur ɗin, ya tuna bai gama da abokin gabarsa ba. Obrad ya zabura zai miƙe, igiyar buzu ta harɗe masa ƙafa, sai ya ci gaba da gudu da hannu da gwiwa, yana zagaya murahu, rago na take masa baya. Da suka zagayo na biyu sai duk garken ya bi sahu, suka miƙe sak wajen tukunyar Zorka.

Zorka ta tsaya gaban tukunya da muciya a ɗage. "Obrad, in ka taɓa ta, uwarmu ma ba za ta gane ka a lahira ba."

Ban ga lokacin da Lenka ta kwance igiyar ba. Ta ce daga baya wai so ta yi su gudu tare kafin a sa Kudra a mota. Abin da na gani shi ne wani baƙin abu ya wuce ta gefena ƙasa-ƙasa, ba haushi, ba hayaniya. Kudra ta sha gaban garken saura taku kaɗan su kai tukunya, ta kwantar da ƙirji a ƙasa, ta kafe ragon da ido. Ragon ya ci birki har yana zamiya. Ta zagaya hagu, ta zagaya dama, ta ɗan cafki dunduniyar wannan, ta tokari waccan da hanci. Wadda ta tafi da Slavko ma ta je ta dawo da ita, shi kuma ya sauka a hanya. Janar ya zo zai yi mata rashin kunya, ta yi masa kallo ɗaya, ya sauke wutsiya ya shiga cikin 'yan'uwansa.

Kafin mu sauko daga kujeru ta dunƙule su wuri guda. A tsakiyarsu akwai wata babbar tunkiya mai hular soja.

"Yawwa, 'yar gari," in ji Obrad. "To, ya isa, zan karɓa daga nan."

Ya yunƙura zai tashi. Kudra ta cafki dunduniyarsa. Ya koma.

"Ke, ni ne. Zauna. Na ce zauna."

Ya ɗaga mata gira. Ta ƙara cafka. Ya rarrafa gaba.

"Nenad, gaya mata ni mutum ne."

"Kawu, ni ba na jin yarensu. Kai ne ka yi kan iyaka."

Wannan ce maganar farko mai ƙashi da na taɓa ji daga bakin Nenad, har Tiyana ta juyo ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Layi kuwa ya kece da dariya. Gospava ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye da hannu mai tattasai, ta koma kukan gaske. Haka Kudra ta kaɗa su a hankali, cikin ladabi, suka ratsa titi, suka shiga ƙofa, suka ƙetare tsakar gida har cikin ɗakin itace, rago na gaba, Obrad na tsakiya. Ta kwanta a bakin ƙofar ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Zorka ta miƙa mini muciya, ta taka da kanta ta je ta sa sakata.

Bilyana ta sauke gilashin mota. "Ai na gaya wa maigidan nan, wajen wani tsohon makiyayi aka samo ta bayan ya rasu. Duk rayuwarta kiwo ta yi."

"Na so in faɗa," in ji Nenad, "Kawu ne bai ja numfashi ba."

Daga cikin ɗakin itace murya ta fito. "Yaya, buɗe. Ai tsarin ke nan tun farko. Na san akwai abu a jikin tsohuwar nan, so na yi in fito da shi. Yaya? Ragon nan yana kallona."

Babu wanda ya kula shi, domin Lenka ta fito tsakiyar jama'a, ita da ko gaisuwa ba ta iyawa. Ta tsaya gaban kakarta da igiya a hannu, ta yi magana har kowa ya ji.

"Kaka, ba ta iya ba da hannu ba. Za ta zauna?"

Zorka ta goge hannu a zanin girkinta, ta dubi ɗakin itacen, ta dubi karyar.

"Tun kawun babanki yana rarrafe nake neman wanda zai iya ajiye shi wuri ɗaya. Yau na samu, in mayar? Je ki ce wa matar nan ta rufe motarta, ta zo ta ɗauki kwalbar ayvar."

Yarinyar ba ta je ba. Ta ruga ta faɗa kan Kudra ta tusa fuska cikin gashin nan, sai Tiyana ce ta kai saƙon, tana tafe tana goge ido.

Ba a buɗe wa Obrad ba sai da aka sauke tukunya. Slavko na jiransa a bakin ƙofa da reza da sabulu, ya ce alkawarin soja ba ya tashi. Washegari Obrad ya mayar da Janar da tumakin can dutse, leɓensa na sama fari tas kamar ɓararren ƙwai. An ce kwikwiyon ko waiwayensa bai yi ba.

Har yanzu Obrad yana zuwa cin abincin Lahadi, kuma har yanzu bakin bai mutu ba. Sai dai da zarar ya jingina da kujera ya ce, "Lokacin da nake kan iyaka," Kudra takan ɗago kai daga cinyar Lenka ta dubi dunduniyarsa. Shi kuma sai ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin tebur, ya ce a miƙo masa burodi.